Shekarar da Na Haɗa Faifan Inna

Na san abin da kuke faɗi a tsakaninku game da kaset ɗin Inna, domin ya dawo kunnena ta bakin uwarku Binta fiye da sau ɗaya. Kuna cewa Baffanku Alhaji Mamman ne ya ƙona shi, ya hana ku ganin kakarku tana dariya. Wannan rabin magana ne, kuma ba na son in bar mutumin da ya riga mu gidan gaskiya ɗauke da nauyin da wani ɓangarensa nawa ne. Shi ya sa na keɓe wa shekarar nan babi guda. Karatuna bai wuce firamare ba, kun sani, don haka idan kun ga na tsaya ina juya magana ɗaya, halina ne. Ni ne mutumin da yake komawa ya taɓa kwaɗon shago sau uku kafin ya hau babur.

Lokacin ina da shagon gyaran rediyo da talabijin a Funtua, iyali kuwa suna gidan gado a Maska, ni da Yaya Mamman kowa da sashensa, Inna tana ɗakinta na tsakiya. Shekara biyu kafin rasuwarta aka haifi autarmu, aka sa mata sunan Inna, shi ya sa kuke kiranta Ummi. Ranar sunan, maƙwabcina a shago, Malam Audu mai hoto, ya ara mini kyamarar bidiyo irin mai ɗan ƙaramin kaset. Na ɗauki raɗin suna a ƙofar gida, da addu'a, da rabon goro. Da yake namiji ba ya shiga taron mata, sai na miƙa wa Gwaggonku Hajara, wadda take aure a Dayi, na nuna mata jan maɓallin da za ta danna. Ta shiga da kyamarar cikin gida ta wuni tana ɗauka. Da yamma na mayar wa Malam Audu kayansa, kaset ɗin kuwa ya zauna a akwatin Hajara, domin babu mai na'urar da za ta kunna shi. Muka manta da shi gaba ɗaya.

Inna ta rasu a tsakiyar damina. Ranar sadakar arba'in, bayan baƙi sun watse, muna zaune a ƙofar ɗakinta mu 'ya'yanta, Hajara ta kwance bakin zanenta ta fito da kaset ɗin ta ajiye a kan tabarma. Ta ce Inna tana ciki. Ba mu da wani abu na Inna da yake motsi ko yake magana sai shi. Hoto ɗaya ne muke da shi, na fasfo, wanda bai ma yi kama da ita ba. Hajara tana son a mayar da shi faifan bidiyo a ba kowa nasa: ita, da ƙannenmu na Bakori, da 'yan uwan Inna na Malumfashi. Yaya ya ɗauki kaset ɗin ya juya shi a hannu.

"Su wa ke ciki ban da Inna?"

"Kowa, Yaya. Ai taron suna ne."

"Da lulluɓi ko ba lulluɓi?"

Hajara ta ce, "Yaya, cikin gida ne fa. Mata zalla. An yi kiɗan ƙwarya, an yi rawa. Hajiya Rabi ma ta taka."

Hajiya Rabi ita ce matarsa. Yaya bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. Ya ce shi ya taɓa zuwa sayen taki a Bakori, ya tarar da samari a shagon mai shayi sun kewaye talabijin suna kallon bikin wani gida, matan mutane suna rawa, ana nuna su da yatsa ana faɗin sunayen mazajensu. Ya ce faifai ba shi da ƙafa amma ya fi mai ƙafa yawo. Ya ce a kawo wuta. Ni kuwa da ban taɓa yi wa Yaya musu ba tun muna yara, sai na ji bakina ya buɗe da kansa. Na ce akwai dabara. Na ce faifan zamani yana zuwa da wani shafi a farko, abin da suke kira menu, mutum ya zaɓi abin da zai kalla da rimot. Sai a yi ƙofar maza daban, ƙofar mata daban, kamar zaure da cikin gida. Na faɗi haka ne ban taɓa haɗa faifai ko ɗaya ba. Na dai sha gani a faifan da mutane suke mantawa cikin na'urorin da suke kawo mini gyara.

Yaya ya ajiye kaset ɗin a kan tabarma. Ya ce, "Na ba ka zuwa ranar da za mu kai auduga kasuwa. Ka kawo in gani. In na ga macen gidan nan ko ɗaya ba lulluɓi, magana ta ƙare. Kuma ko ya yi ko bai yi ba, kaset ɗin nan ba zai kwana a duniya bayan ranar ba."

Na ce na yarda. Wannan kalmar ku riƙe ta, ni na furta ta, ba wanda ya tilasta ni.

Washegari na kai wa Malam Audu matsalata. Dattijo ne mai barkwanci, ya girme ni, kuma yana da tsohuwar kwamfuta ta hannu da ya daina aiki da ita. Ya ce zai ara mini, kuma za a iya juye kaset ɗin cikinta ta waya daga kyamara. Sai dai juyewar tana tafiya ne hoto yana fitowa a allo daga farko har ƙarshe. Na cire tawul ɗin da nake goge hannu na rufe allon.

"Isiya, shekara nawa kana gyaran talabijin, sai yau ka fara sa mata hijabi?"

"Matan gidanmu ne a ciki, Malam Audu."

"To kai ma ka juya baya mana, ai ba duka naka ba ne."

Da wasa ya faɗa, amma maganar ta shige ni, na kuwa juya. Muka zauna mu biyu muna fuskantar titi, kwamfuta tana aiki a bayanmu, muryoyin mata suna fitowa ƙasa-ƙasa, har sai da na ji Inna ta ce wa wani yaro ya sauka daga kan turmi. Kwana arba'in da ɗaya ban ji muryar nan ba. Malam Audu ya tashi ya ce zai je sayen ruwa, ya bar ni ni kaɗai.

Daga nan aka shiga neman manhajar da za ta haɗa faifan. Ban taɓa sanin cewa abu ɗaya yana da iri-iri haka ba, kuma in faɗi gaskiya, duk da baƙin cikin da nake ciki, abin ya ja hankalina kamar ranar da na fara buɗe bayan rediyo. Ta farko Malam Audu ya sauko mini da ita daga intanet, an rubuta kyauta ce. Na yi kwana uku ina koyon ta, ina rubuta kowane mataki a bayan kwalin batir don kada in manta. Na gwada ta da ɓangaren maza kawai. Faifan farko ya fito ba launi, hoton yana birgima daga ƙasa zuwa sama. Wannan kam sana'ata ce ta cece ni: na san talabijin iri biyu ce, ta tsarin Amurka da ta tsarin da muke amfani da shi a nan, na laluba har na ga inda ake sauyawa. Faifai na biyu ya fito tas, sai dai a tsakiyar hoton, daidai kan fuskar liman mai raɗin suna, ga sunan manhajar an rubuta da manyan baƙaƙe, ba ya gusawa. Ashe kyautar ta ɗanɗano ce. In kana son rubutun ya tafi, sai ka biya da katin banki mai iya sayayya a ƙasar waje, kuɗin kuwa ya kai na buhun masara biyu. Buhu biyun zan iya daurewa in fitar. Katin ne ba ni da shi. Malam Audu ya gwada nasa sau biyu aka ƙi karɓa, banki suka ce sai an cika takarda an jira.

Ta biyu a kasuwa na same ta, wajen masu sayar da faifai, a kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba. Ita ce dai irin mai tsadar nan, cikakkiya, ba rubutu a tsakiya. Menu ɗinta kuwa abin kallo ne: furanni, labule yana buɗewa, kiɗa yana tashi, kowane ɓangare da ɗan akwatinsa hoto yana motsi a ciki. Na wuni ina danne-danne kamar wanda aka ba sabon keke. Amma wani abu ya tsaya mini a rai. Wajen sa ta, mai faifan ya ce in cire intanet, in kwafi wasu lambobi daga wata takarda, kuma kada in taɓa bari ta nemi gidansu. Na tambayi Malam Audu me ya sa. Ya ce lambobin makulli ne, an fasa ne. Na ce wa ya fasa? Ya ce in daina tambaya, duk Funtua da ita ake aiki. Bayan la'asar na tsaya na jira limamin masallacin layinmu ya gama lazimi, na yi masa bayani iyakar fahimtata.

"Wanda ya ƙirƙiri abin, ya yarda a sayar da shi haka?"

"A'a, Malam. Amma yana can ƙasar waje. Bai ma san akwai Funtua ba."

"To da bai san Funtua ba, sai kayansa suka zama na mutanen Funtua?"

Sai ya ƙara da cewa:

"Ni ban san kwamfuta ba, Isiya. Amma mutumin da ya bar shagonsa ya zo ya tsuguna yana wannan tambaya, ina jin ya taho da amsarsa."

Na koma na cire ta daga kwamfutar, na mayar wa mai faifai kayansa. Ya ɗauka ta ƙi aiki ne, ya ce zai sauya mini. Na ce a'a, tana aiki sosai.

Ta uku ma Malam Audu ne ya tono ta, yana mita. Ya ce wannan ta masu taurin kai ce irina. Kyauta ce ta gaskiya, waɗanda suka yi ta sun rubuta cewa kowa ya ɗauka, ya ba wani ma in yana so. Na sa ya karanta mini wurin sau biyu, ya fassara, domin na kasa gane yadda mutane za su zauna su yi aiki irin wannan su bayar a banza. Har yau ina tunaninsu, ko su waye, ko me suke ci. Ba ta da fure, ba ta da kiɗa. Allo ne shuɗi, ka rubuta layi, ka ce wannan layin ya kai mutum wuri kaza. Tana iya yanka bidiyo gunduwa-gunduwa, tana iya ɗora murya a kan hoton da ba ya motsi, shi ke nan iyakarta. Na ji ta kwanta mini.

Sauran aikin a gida na yi shi, a ɗakin uwarku, da rana idan an kawo wuta. Tunda maganar Malam Audu ta hana ni kallon ɓangaren mata, sai muka raba aiki: ni ina fuskantar bango hannuna a kan maɓallan kwamfuta, uwarku tana kallon allo tana gaya mini inda taron maza ya ƙare, na mata ya fara. Na yi layi biyu a menu, na farko Ƙofar Gida, na biyu Na Mata Kaɗai. Na buga faifan, na sa a na'ura, na danna na farko, ya kai ni ƙofar gida. Na ji daɗin da na daɗe ban ji ba. Sai uwarku ta ce in ba ta rimot.

"Malam, wannan maɓallin mai kibiya biyu fa, na mene ne?"

"Na tsallakawa gaba ne. Kada ki taɓa."

"In ni ban taɓa ba, yaran gidan Hajara za su taɓa."

Ta danna. Taron maza ya ɓace, sai ga tsakar gidanmu. Kafin in kai tafin hannu in rufe ido, na ga Inna. Tana zaune a kujerarta 'yar tsugune, ta jefa kai baya, bakinta a buɗe, tana dariya irin wadda ban taɓa ganin ta yi a gabanmu maza ba, wata mace ta rungume ta ta baya, kumatu a kan kumatu. Bai kai ƙiftawa biyu ba. Iyakar abin da na gani ke nan, kuma ba zan ce muku na fi haka gani ba.

Ranar na ɗauki na'urar kunna faifan na kai ta shago, na kwance murfinta, na kunna ta a buɗe, domin ina son in gane inda na yi kuskure. Akwai ɗan ido a ƙarƙashin faifan, yana tafiya a kan ƙarafa biyu. In ka danna layi na farko, sai ya zarce ya tsaya nan. In ka danna na biyu, ya zarce can. In ka danna kibiya, ya matsa gaba abinsa ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Na daɗe ina kallonsa yana kai da komowa. Ashe babu zaure, babu katanga, babu ƙofa. Komai a shimfiɗe yake a fili ɗaya, menu ɗin kawai mai nuna hanya ne, ba mai gadi ba. Ni ne na ɗauki tsarin gidanmu na ɗora wa abin da bai san shi ba. Ko da an hana kibiyar aiki, layin na biyu yana nan, kowa na iya dannawa. Rubuta Na Mata Kaɗai ma kamar kiran mutane ne.

Na je na gaya wa Yaya gaskiya a gonar auduga, domin ban iya riƙe irin wannan a ciki. Na ce ko a yi faifai biyu, na mata ya zauna wajen mata. Ya ce a wane gida ne mata suke da talabijin tasu su kaɗai? Na ce to a kulle kaset ɗin a akwatinsa, makulli a hannunsa. Ya ce, in na mutu fa, Isiya? In ka mutu fa? Saura kwana tara a kai auduga.

Abin da ya rage shi ne a tsince Inna ita kaɗai. Muka koma ɗaki, ni da bango, uwarku da allo.

"Tsaya. Koma baya kaɗan. Nan ita kaɗai ce."

"Kin tabbata? Ba kowa a gefe?"

"Akwai hannun wata."

"Hannun wa? Har ina ya fito?"

"Malam, hannu ne riƙe da ludayi. Ko shi ma sai an yi masa mayafi?"

Haka muka yi kwana huɗu. Muka samu inda Inna take riƙe da jaririya tana sa mata albarka, fuskarta a ɗaure kamar yadda kuka san ta. Muka samu inda take ƙirga wa yara alewa, da inda take kora kaza daga bakin ɗaki. Duka in an haɗa bai fi tsawon shan kofin koko ba. Wurin dariyar kuwa, wanda ya fi duka tsawo, uwarku ta bi shi gaba da baya ta ce babu ko daƙiƙa ɗaya da za a raba su: Hajiya Rabi ce ta rungume ta, kanta ba ɗankwali, kuma ba ta sake ta ba har dariyar ta ƙare.

Na kai wa Malam Audu wannan. Nan ne ya gaya mini abin da ya sa na rubuta babin nan. Ya ce manhajar da na mayar kasuwa tana iya rufe wani sashe na hoto, ta dushe shi kamar hayaƙi, ta bar sauran. Za a iya dushe Hajiya Rabi a bar fuskar Inna. Tawa ba ta iyawa.

"Aikin yini ɗaya ne, Isiya. Ka sa ta, ka yi, ka cire. In ya so ka yi istigfari."

"In yi istigfari a kan abin da na shirya yi tun kafin in yi?"

"To ka roƙi yayanka ya ƙara maka wata ɗaya, katin banki ya fito, ka saya da halalinka."

Hanyoyi biyu ke nan a gabana, kuma ban bi ko ɗaya ba. Ta farko na ƙi ta da sanina. Na je har bakin rumfar mai faifai na tsaya, na ga kwalin yana rataye, na tuna faifan nan za a riƙa kunna shi ana yi wa Inna addu'a, na kasa ɗora fuskarta a kan kayan da aka fasa wa makulli. Wannan ko yau aka sake tambayata, ina jin haka zan yi, ko da yake ba kullum nake da tabbaci ba. Ta biyun ce ba ni da hujja a kanta. Tsoro ne kawai. Na riga na zo wa Yaya da alkawari ɗaya da ya rushe, na ji in na sake zuwa da wani roƙo zai ce a bar maganar duka, in rasa har ɗan abin da na tsinta. Sau biyu na nufi sashensa, sau biyu na tsaya na gaida shi na tambayi lafiyar shanu na dawo. Ban tambaye shi ba. Ban san abin da zai ce ba, domin ban ba shi damar cewa ba.

Sai na yi abin da manhajata take iyawa. Na ciro muryar wurin dariyar, na ɗora ta a kan hoton Inna tsayayye, wanda na tsamo daga inda take sa albarka. Menu ya zama layi uku a kan allo shuɗi: Ƙofar Gida, Inna, Muryar Inna.

Ranar da aka loda auduga, bayan azahar, na kai talabijin ɗakin Yaya. Ya kalli na farko da na biyu. Ya karɓi rimot da kansa ya danna kowane maɓalli, gaba da baya, har wanda ba ya aiki. Da aka zo na uku, ga fuskar Inna a ɗaure ba ta motsi, ga kiɗan ƙwarya, sai dariyar ta fashe daga bayan hoton, ta yi sama, ta sarƙe, ta koma tari, ta sake dawowa. Yaya ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma har ta ƙare. Ya ce a buga wa kowa. Sannan ya miƙo hannu, na gane kaset yake nufi. Na ce ya bari ni zan yi, ni na yi alkawari. Uwarku tana dafa dambu a murhu, na je na tura shi ƙarƙashin tukunya da hannuna. Ya yi wari, ta sauke tukunyar ta bar mini wurin. Na dawo na buɗe kwamfutar Malam Audu a gaban Yaya na goge wanda aka juye, na shiga kwandon shararta na sake gogewa. Yaya bai ma san akwai wannan ba, da na yi shiru ba zai taɓa sani ba. Hajara ta yi wata uku ba ta amsa gaisuwata sai da ƙyar.

Shekara ta zagayo, wata ranar kasuwa da hantsi, sai ga Yaya a shagona. Ba ya zuwa shagona. Ya kafe babur, ya zauna a benci, ya ɗauki wata rediyo da aka kawo gyara yana murɗa ta alhali ba batir a ciki. Ya tambayi ciniki, ya tambayi kuɗin taki. Na aika a kawo masa fura ya ce ya ƙoshi. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Faifan nan, na uku ɗin. Nakan sa shi wani lokaci."

"Ni ma, Yaya."

"Rabi ta ce ranar sunan har hawaye Inna ta yi don dariya."

"Haka Binta ma ta ce."

Ya ajiye rediyon. Ya goge hannunsa a gwiwa.

"Ku masu wannan aikin, an ce abu ba ya ɓacewa duka a kwamfuta. Ba ka ajiye komai ba? Ko ɗan guntu. Ba zan yi faɗa ba."

"Babu, Yaya. A gabanka na goge."

"Na sani. Na ce ko a wani wuri."

"Babu ko'ina."

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni, ya daɗe, kamar yana jiran in sauya magana. Da ya ga ba zan sauya ba, ya miƙe ya gyara hularsa.

"Kai ma dai, Isiya," ya ce, "ka cika jin magana."

Ya tura babur ɗinsa har bakin titi kafin ya tayar da shi.